Jajayen bakan da ke cikin hoton James Webb: laifin kyamara ne?

Wani ɗan'uwa mai sana'ar ɗaukar hoto a Gombe ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya daɗe yana duba hoton farko da madubin hangen nesa na James Webb ya fitar, ya ga wasu jajayen abubuwa sirara a lanƙwashe kamar lauje, wasu ma kamar an kwafe su an liƙa sau biyu. A sana'arsa, in ya ga haka, ko dai hannu ya yi rawa, ko gilashin kyamara ya samu matsala, ko kuma an taɓa hoton a kwamfuta. Wanne ne a ciki?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na shafe shekaru ina koyar da fiziks a nan Bauchi, kuma tambayarka ta yi mini daɗi ƙwarai, don ido irin na mai sana'a ne ya gano ta. Abin da ka gani gaskiya ne. Abubuwan a lanƙwashe suke, kuma akwai waɗanda suka fito sau biyu, har sau uku. Zarginka ga gilashi ma yana kan hanya, sai dai gilashin da ya yi wannan aiki yana can nesa, nisan da haske ke shafe shekara biliyan 4.6 kafin ya ratso.

Bari mu fara ware abin da na'urar ce ta jawo shi, don akwai shi a hoton. Taurarin nan masu kibiyoyin haske, manya shida da ƙanana biyu, ba haka suke a sama ba. Madubin Webb, mai faɗin mita 6.5, an haɗa shi ne da faifai 18 masu kusurwa shida-shida, ga kuma sanduna uku da ke riƙe da ƙaramin madubi a gabansa. Gefunan faifan da sandunan su ke haifar da kibiyoyin. Launukan ma an ɗora su ne, domin Webb yana ɗaukar hasken da ke ƙasa da ja, wanda idonmu ba ya gani, ɗan'uwan wanda rimot ɗin talabijin ke fitarwa. Kowane zangon haske sai a ba shi launin da ido zai iya gani. Wannan fassara ce, kuma masu aikin ba su ɓoye ta ba.

Amma bakan daban suke, kuma kai da kanka za ka iya tabbatarwa da ilimin sana'arka. In hannu ya yi rawa, komai na cikin hoton zai ja wutsiya zuwa gefe guda. A nan kuwa za ka ga ɗigon haske zagayayye tsaf a maƙwabtaka da abin da ya miƙe kamar zare. In gilashin kyamara ne, lanƙwasar za ta fi tsanani a gefen hoto. A nan ta fi yawa a kewayen fararen ƙwallayen nan masu haske da ke tsakiya, kuma kowane baka ya juya cikinsa yana fuskantarsu, kamar jama'a sun yi da'ira sun sa mai kalangu a tsakiya. Ga kuma hujja ta uku: madubin Hubble, wanda ƙirarsa daban ce, ya ɗauki wurin nan shekaru kafin a harba Webb, kuma manyan bakan suna nan a inda suke.

Ruwa ba ya tsami banza. Waɗannan fararen ƙwallaye su ne tushen maganar.

Kowane ɗaya daga cikinsu galaksi ne, wato birnin taurari, mai ɗauke da taurari biliyoyi. Ranarmu ma tauraro ɗaya ce a cikin irin wannan birni. Biranen nan sukan taru ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, ƙarfin jan nauyi ya ɗaure su wuri guda, su zama gungu. Na cikin hotonka ana kiransa SMACS 0723, kuma an nuna wa duniya hoton ranar 11 ga Yuli 2022. Nauyin babban gungu yakan kai na Rana tiriliyan 100 zuwa tiriliyan 1,000. Jajayen bakan kuwa wasu birane ne da ke can baya da gungun sosai, waɗanda haskensu ya biyo ta kusa da shi a hanyarsa ta zuwa gare mu, nauyin gungun ya karkatar da shi.

Na san ka sha bin hanyar Gombe zuwa Bauchi da tsakar rana a lokacin bazara. Wajejen Alkaleri, in kwalta ta ɗauki zafi, za ka hango kamar ruwa kwance a gaba, in tirela ta taho sai ka ga wata a ƙarƙashinta a kife. Kawalwalniya ke nan. Iskar da ke dab da kwalta ta fi ta sama zafi, saboda haka hasken da ya taso daga tirelar ya nufi ƙasa sai ya lanƙwaso sama ya shiga idonka. Wani hasken kuma ya zo maka kai tsaye. Hanya biyu, hoto biyu, ɗaya a kife, tirela kuwa ɗaya ce. Abin da gungu ke yi ke nan, illa dai babu iska a can. Nauyi ne tsagwaronsa ke lanƙwasa hanyar.

Albert Einstein ne ya bayyana yadda hakan ke faruwa a 1915. Ya ce abu mai nauyi yana lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi, haske kuma dole ya bi sararin yadda ya same shi. Ya lissafa cewa hasken tauraron da ya gogi gefen Rana zai karkace da sakan 1.75 na kusurwa. In ka raba digiri ɗaya gida 3,600, gida ɗaya shi ne sakan. Sakan 1.75 kamar faɗin murfin kwalbar lemo ne in ka hango shi daga nisan kilomita 3. Kuma da ɗaukar hoto aka gwada maganar, a maƙwabtanmu ma. Ranar 29 ga Mayu 1919 aka yi husufin Rana, Arthur Eddington na Ingila ya kafa kyamararsa a tsibirin Principe da ke cikin teku kudu da gaɓar Najeriya, wata tawaga kuma ta je Sobral a Brazil. Hadari ya rufe Principe da safe, hotuna kaɗan ne suka yi amfani, amma da aka haɗa da na Sobral aka kwatanta da hotunan taurarin da aka ɗauka da dare, sai aka ga sun gusa kusan gwargwadon da ya faɗa.

Einstein kansa ya rubuta a 1936 cewa tauraro zai iya zama gilashi ga wani tauraron da ke bayansa, amma bai sa ran za a taɓa gani ba. Wani masanin taurari, Fritz Zwicky, ne a 1937 ya ce a bar batun tauraro ɗaya, a duba biranen taurari, su ne ke da nauyin da zai sa abin ya fito fili. Sai a 1979 aka samu na farko, wasu tagwayen ɗigon haske da aka gano ashe abu ɗaya ne ya fito sau biyu. Manyan baka irin naka kuwa an fara ba da rahotonsu a 1986 da 1987, a gungun Abell 370, daga Roger Lynds da Vahe Petrosian a Amurka, da kuma tawagar Geneviève Soucail a Faransa. Da farko an yi ta saɓani a kan ko mene ne su. Soucail da abokan aikinta suka tsaga hasken bakan zuwa launukansa, suka nuna cewa abin yana can baya da gungun nesa ƙwarai. Yadda ake sanin haka shi ne, sararin samaniya yana faɗaɗa, yana miƙe hasken da ke tafiya a cikinsa zuwa ɓangaren ja, kuma gwargwadon daɗewar haske a hanya gwargwadon miƙewarsa. Da wannan awo ne kuma ake tabbatar da cewa hotuna biyu ko uku na abu ɗaya ne: launukansu in an tsaga sukan zo iri ɗaya sak, kuma sau da yawa za ka ga ɗaya ya juya wa ɗaya kamar mutum da hotonsa a madubi.

Akwai bambanci biyu tsakanin wannan gilashi da naka da za su ba ka sha'awa. Gilashin kyamara yana karkatar da shuɗi fiye da ja, shi ya sa mai araha yakan bar launi-launi a gefen abu. Nauyi kuwa kowane launi daidai yake karkatar da shi. Na biyu, gilashinka ya fi lanƙwasa hasken da ya bi ta gefensa, don haka yake tara komai a wuri ɗaya ya ba ka hoto mai kyau. Gungu ba ya tara haske a wuri ɗaya, ga shi da ƙulli-ƙulli ko'ina saboda biranen da ke cikinsa. In da a shago aka kawo maka shi, ba za ka saya ba. Shi ya sa yake miƙe abu ya zama baka. In da gungun zagayayye ne sumul, kuma mu da shi da birnin baya muka daidaita a layi ɗaya cif, da cikakken zobe za mu gani. Tun da ba haka ba ne, sai zoben ya kakkarye. Wannan lanƙwasa mai ƙarfi, mai haifar da baka da maimaici, a tsakiyar gungu kaɗai take faruwa, a fili ɗan ƙarami: daga tsakiya zuwa baka yawanci bai wuce sakan 20 zuwa 50 ba, alhali faɗin cikakken wata ya kai sakan 1,800. Can waje kuwa lanƙwasar tana nan amma mai rauni ce, sai an auna siffar birane dubbai a haɗe kafin a gane ta.

Amfanin farko da muke samu shi ne awo. Girman da'irar da bakan suka yi ya dogara ne da nauyin da ke cikinta da kuma nisan abubuwan biyu. In ka san nisan, ka auna da'irar, ka samu nauyin. Sikeli ne da ba ruwansa da ko abin yana haske ko ba ya yi. Da aka ɗora gungu a kan wannan sikeli, sai lissafi ya ƙi cika. Duk taurarin da ke cikinsa ba su wuce kashi kaɗan cikin 100 na nauyin ba. Akwai iskar gas mai zafin digiri miliyoyi tsakanin biranen, wadda ake gani da hasken eksire irin na hoton ƙashi a asibiti, ita ma kashi 10 zuwa 15 ce. Ragowar, wajen kashi 85, ba ya fitar da haske ko kaɗan. Masana na kiransa abu mai duhu. Zwicky ya riga ya yi zarginsa tun 1933, da ya ga biranen gungun Coma suna gudun da ya kamata a ce sun watse. Awon lanƙwasa ya bi ta wata hanya dabam ya iso kusan wuri ɗaya, kuma a 2006 aka nuna wani gungu da ya yi karo da ɗan'uwansa, gas ɗin ya maƙale a tsakiya, amma sikelin ya nuna yawancin nauyin ya wuce gaba tare da biranen.

Amfani na biyu, ƙara girma. Gilashin yana faɗaɗa hoton birnin baya, hasken da ke iso mana gaba ɗaya ya ƙaru, wani lokaci ninki 10 ko fiye. Saboda haka aka ware wa Hubble lokaci mai yawa daga 2013 ya zuba ido a kan gungu shida, har da Abell 370 da Abell 2744, don a leƙa ta cikinsu. In ka taɓa zuwa Yankari ka tsaya a ruwan Wikki da rana, ka tuna zaren hasken nan da ke rawa a kan yashin ƙasan ruwa. Igiyar ruwa ce ke tara hasken Rana a kan layuka sirara masu tsananin haske. Gungu ma yana da irin waɗannan layuka, kuma duk abin da ya dace ya faɗo a kansu, haskensa kan ninku sau dubbai. Ta haka aka ga tauraro guda ɗaya tilo, wanda aka sa wa suna Icarus, da haskensa ya yi shekara biliyan 9 a hanya, aka sanar a 2018. A 2022 kuma aka sanar da Earendel, wanda haskensa ya yi shekara biliyan 12.9.

Amma in ka tambaye ni hujjar da ta fi kama zuciyata, ta lokaci ce.

Ka ɗauka motoci biyu sun tashi daga Gombe lokaci ɗaya da saƙo iri ɗaya zuwa Bauchi. Ɗaya ta bi Alkaleri, ɗaya ta zaga ta Dukku da Darazo. Mai jira a Bauchi zai karɓi saƙon sau biyu, daga hanyoyi biyu, a lokuta biyu. Hasken da ya bi hanyoyi daban-daban ta cikin gungu ma haka ne. Wata hanyar ta fi tsawo. Wata kuma ta ratsa ta inda nauyi ya fi yawa, a nan ma haske yakan makara, kamar direban da ya ratsa tsakiyar gari ranar kasuwa. In abin da ke baya zaune yake lafiya, ba za ka gane tazarar ba. In kuwa tauraro ya fashe a cikinsa, za ka ga fashewar a hoto ɗaya yau, ka sake ganinta a wani hoton bayan watanni ko shekaru. Wani masani ɗan Norway, Sjur Refsdal, ya hango haka tun 1964.

Sai bayan shekara 50 aka samu. A Nuwamba 2014, wani masanin taurari, Patrick Kelly, yana duba hotunan da Hubble ya ɗauko na gungun MACS J1149, ya ga sababbin ɗigo huɗu sun kewaye ɗaya daga cikin biranen gungun. Fashewar tauraro ce guda ɗaya da ta auku fiye da shekara biliyan 9 da suka wuce, a cikin wani birni mai siffar dodon koɗi. Gungun ya riga ya nuna wannan birni a wurare uku, ɗaya daga cikin ukun kuma ya faɗo a bayan wani birni na cikin gungun, shi kuma ya sake raba fashewar gida huɗu. Aka sa mata sunan Refsdal. To sauran hotuna biyun fa? Tawagogi da dama suka ɗauki taswirar nauyin gungun da kowa ya gina, suka yi lissafi. Suka ce a hoto ɗaya fashewar ta riga ta zo ta wuce tun shekarun 1990 ba wanda ya lura. A ɗayan kuwa ba ta iso ba tukuna, za ta bayyana a wuri kaza, wajen ƙarshen 2015 ko farkon 2016. Aka rubuta, aka wallafa, kowa ya gani. Hubble ya riƙa komawa yana dubawa, ranar 11 ga Disamba 2015 sai ga ta a inda aka ce.

Duk shekarar da na zo wannan gaɓa a aji sai na ji tsigar jikina ta tashi. Wanda ya taɓa hoto a kwamfuta zai iya zana baka, amma ba shi da ikon sa tauraro ya bayyana a sama a wuri da lokacin da aka ambata tun kafin nan. Kuma taswirar da aka yi wannan hasashe da ita, yawancin nauyin da ke cikinta na abu mai duhun nan ne. Akwai wata ma da ake jira yanzu: fashewar da aka gani sau uku a hotunan 2016 na gungun MACS J0138, lissafin farko da aka yi a 2021 ya ce hoto na huɗu zai iso wajen 2037. Allah ya ba mu tsawon rai mu gani.

Tazarar lokacin tana da wani amfanin, wanda shi ne ainihin abin da Refsdal ya nufa. Tun da ta dogara da tsawon hanyoyin, tana ba da ma'aunin saurin faɗaɗar sararin samaniya. Masana sun daɗe suna jayayya tsakanin lambobi biyu, wajen 67 da wajen 73. Fashewar Refsdal ta ba da wajen 67 a sakamakon 2023, wata kuma da Webb ya gano a wani gungun ta ba da wajen 75, kowacce da faɗin kuskuren da ya hana ta yanke hukunci. A nan nake jan kunnen ɗalibaina. Bakan da maimaicin abu ne da ido ke gani. Amma in ka ji an ce an ninka hasken wani abu sau dubu kaza, wannan lamba daga taswira ta fito, kuma taswirori biyu mabambanta za su iya ajiye hotuna a wurare iri ɗaya amma su saɓa a kan yawan ninkin. Shi ya sa ake so tawagogi da yawa su yi aiki kowa da kansa, sannan a kwatanta.

Wurin da aka ɗauki hotonka yana can kudu sosai. Daga Gombe ko Bauchi da ƙyar yake ɗagowa digiri 6 sama da gindin sama ta kudu, kuma a watannin hunturu ne yake kaiwa can da dare, lokacin da ƙura ta fi yawa. Abell 370 kuwa yakan bi ta kusan saman kanmu da tsakar dare a farkon Nuwamba, amma bakansa sun fi ƙarfin kyamarar hannu. Hoton Webb ɗin sai da aka tara haske na awa 12 da rabi, a filin da bai wuce ƙwayar yashi ba in ka riƙe ta ka miƙe hannu.

Abin da za ka iya yi a shagonka shi ne wannan. Nemi kofin gilashi mai doguwar ƙafa, irin wanda ake jerawa a wajen biki, domin faifan gindinsa yana lanƙwasa haske kusan yadda nauyi ke yi. Ɗiga baƙin tawada a farar takarda, ka riƙe kofin sama da ita kaɗan, ka leƙa ta faifan gindin. In ɗigon ya zo daidai ƙarƙashin ƙafar, zai buɗe ya zama zobe. Gusa kofin gefe a hankali, zoben zai karye gida biyu, babban baka ta waje da ƙarami ta ciki, a ɓangarori biyu na ƙafar. Ɗora kyamararka a kan ƙafafunta yadda hannu ba zai yi rawa ba, ka ɗauka, ka ajiye kusa da hoton Webb ka kwatanta. In ka yi, ka turo mini, ina so in nuna wa 'yan ajina.